Likitar da Ta Nuna Mini Cikin Tsokar Ɗana

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Da hantsin ranar Laraba, sha tara ga watan Fabrairu, Allah Ya karɓi ran likitar ɗana, babbar likitar sashen yara a asibitin da muke zuwa. Ni ban ji ba sai washegari, a bakin ofishinta, ina riƙe da hannun yaron. Babbar nas ce ta hango mu daga ƙarshen baranda, ta ajiye tiren da ke hannunta ta ja ni gefe. Ta ce Likita tana tsaka da zagayen marasa lafiya ta dafe kai, ta nemi kujera, ba ta kai gare ta ba.

Likita, ni ba marubuciya ba ce, ɗinki nake yi. Abokan aikinki za su yi maganar ilminki, ɗalibanki su yi ta horonki. Ni abin da ya gudana tsakanina da ke zan faɗa, don da ranki ba kya tsayawa a gode miki.

Ranar da na fara ganinki ba ki kwanta mini ba. Ban gama gaisuwa ba kika ce in kwantar da yaron. Lokacin shekararsa biyu da 'yan watanni. Ya fara tafiya har da gudu, sai wani zazzaɓi ya kama shi, da zazzaɓin ya sauka ƙafafu suka ƙi ɗaukarsa. Fatar idonsa ta sauko kamar mai jin barci, abin da ya ci sai ya amayar. An yi masa maganin zazzaɓin cizon sauro, an yi na taifod, an sake maimaitawa. Ni kuwa na riga na san wannan hanyar, domin ta haka ciwon yayarsa ya fara, kuma mun binne ta ba ta cika uku ba. A dangin mijina an fara magana ƙasa-ƙasa. Wasu su ce nonona ne ba shi da kyau, wasu su faɗi abin da ya fi haka muni.

Kin daɗe kina duba shi, kina lanƙwasa gwiwa, kina haska ido. Sannan kika bi dangina ɗaya bayan ɗaya da tambaya: mahaifiyata, ƙannena, har kawuna da ya kurmance sai da kika so jin yaushe ya daina ji. Kika ce za a yanko 'yar tsoka daga cinyar yaron a duba.

Bayan an duba, kika kai ni ɗakin gwaji, inda ba a saba barin iyaye su shiga ba. Ɗaki ne mai sanyi, yana warin sinadari. Kika zaunar da ni gaban madubin da ke girmama ƙananan abubuwa, kika yi ta murɗa shi har na ce na gani. Wasu ƙananan ɗakuna na gani, kore-kore, jere da juna kamar saƙar zuma.

Kika ce duk jikin mutum da irin waɗannan ƙwayoyin aka gina shi, kuma kowace ƙwaya gida ce mai ma'aikata. Akwai fatar da ta kewaye ta, ita ke zaɓar abin da zai shiga da wanda zai fita. Akwai cibiya, inda aka ajiye umarnin da yaro ya gada daga uwa da uba. Akwai masu ƙera furotin bisa wannan umarni, da masu ƙunshe shi su aika inda ake bukata, da masu narkar da shara kada ta taru.

"Sai kuma murhu," kika ce. "Mu maitokondiriya muke ce masa, ke ki ce murhu. Shi ke ƙona abincin da aka ci da iskar da aka shaƙa, ya fitar da ƙarfi. Tsoka da ƙwaƙwalwa da zuciya sun fi kowa cin wuta, shi ya sa su ke fara nunawa in ya samu matsala."

Kika matsar da gilashin kaɗan. Sai ga wasu ƙwayoyin da gefensu ya yi ja, a yayyage kamar bakin yadin da ba a kalmashe ba. Kika ce murahun ɗana ne ba sa ci da kyau, ƙwayar kuma ta yi ta ƙara yawansu ko za ta samu ƙarfi, har suka yi cunkoso a gefe.

Na ce a ina ya samo. Kika ce murhu daga uwa kaɗai ake gadonsa, yana cikin ƙwan da aka halicci yaro da shi, amma umarnin wasu kayan aikinsa daga cibiya yake zuwa, ita kuwa ta uwa da uba ce. Sai an gwada jininmu kafin ki san inda matsalar take, kuma ba za ki yi mini hasashe ba.

Jinin sai da aka aika shi wani wuri mai nisa. Kafin sakamako ya dawo, magana ta kai kunnen wan mijina, wanda muke kira Yaya. Shi ya riƙe mijina tun rasuwar mahaifinsu, shi ya kai shi koyon tuƙi, kuma har yau mijina ba ya ɗaga ido a gabansa. Ya zo gidanmu ya zauna a falo, ina ɗakin da ke kusa a kan keken ɗinki. Na ɗauke ƙafa daga keken, na ji yana cewa, "An binne ɗaya, ga na biyu a kwance. In likita ta ce daga wajenta ne, ka san abin da ya kamata. Ba ƙiyayya ba ce, amma zuri'a ba abin wasa ba ce." Mijina bai kare ni ba. Wannan ya fi maganar yi mini ciwo. Muka ci gaba da zama gida ɗaya, ina zuba masa abinci yana ci, ba mai tayar da zancen.

Ranar sakamako, Yaya ya riga mu isa asibiti. Muka jeru a benci mu uku. Kika buɗe ƙofa kika dube mu, kika ce, "Uwar yaro tukuna."

Ba ki zauna bayan tebur ba, kujerar da ke kusa da ni kika jawo.

"Daga wajenki ne," kika ce. "Ke ma daga mahaifiyarki kika karɓa, ita ma daga tata. A jikinki lafiyayyun murahu sun fi yawa, shi ya sa kike tsaye. Amma kowane ƙwai da rabon da yake ɗiba, kamar mai ɗibar hatsi a buhun da aka gauraya mai kyau da mai ƙwari. Yaron nan marasa kyau ya ɗebo da yawa. Ba wani abin da kika ci, ba wani abin da kika yi."

Na gaya miki abin da ke jirana a bencin waje.

"Jininki ne, sirrinki ne," kika ce. "Ba mai ji daga bakina sai wanda kika yarda. Amma duk wanda kika ce in faɗa wa, gaskiya zan faɗa masa. Wa kike so ya shigo?"

Na ce mijina.

Da kika kira shi, Yaya ya miƙe ya biyo bayansa. Kika tsaya a bakin ƙofa, ke da ko kafaɗarsa ba ki kai ba.

"Likita, ni ne babba a gidan," ya ce. "Tambaya ɗaya gare ni. Daga wa ya fito?"

"Malam, Allah Ya ƙara girma. Amma uban yaron nan ɗaya ne a wajena, ga shi nan. In akwai abin da za ka ji, daga bakinsa za ka ji."

Ya ce zai kai ƙara wajen shugaban asibiti. Kika ce ofishinsa yana sama, hannun dama, kika mayar da ƙofa a hankali.

Ba ki ɓoye wa mijina komai ba. Yana saurare yana juya makullin mota a hannu. Ya tambaya ko na sani kafin aurenmu, kika ce ba yadda za a yi in sani. Ya tambaya ko yaron zai warke, kika ce a'a, ba ki da maganin da zai sauya murhu. Amma in ba a bar shi da yunwa ba, in aka garzayo da shi da zarar zazzaɓi ya taɓa shi, zai iya rayuwa ya yi wasa ya je makaranta. "Ba ni ce zan ce maka zauna ko tafi ba," kika ce. "Sai dai aikin nan na mutum biyu ne."

Ni dai ƙasa nake kallo, ina jiran a yanke mini hukunci. Can ya ɗago ya ce, "In ina kan hanya zazzaɓi ya kama shi, wa za ta kira?" Kika kamo hannunsa kika rubuta lambar wayarki a tafinsa.

Da muka fito, Yaya ya ce, "To?" Mijina, kansa a sunkuye kamar kullum, ya ce, "Yaya, ciwon na gidana ne. Ka bar mini shi." Yaya ya juya ya tafi. Ya fi shekara bai tako gidanmu ba, har yanzu ma tsakanina da shi sai gaisuwa.

Yaron yana shekara bakwai yanzu. Yana zuwa makaranta, wata rana da ƙafarsa, wata rana a goye. Sau da yawa mun shiga hannunki rai a hannun Allah, amma wata Asabar ce ba ta barin zuciyata. Da rana tsaka ya fara amai, kafin mu isa asibiti ya saki jiki, mijina yana kan hanya. Ana bukatar sa masa ruwa mai sukari nan take, aka yi ta neman jijiya a hannuwansa aka rasa. Na kira ki. Ina jin hayaniyar taro a bayanki, abin da kawai kika ce shi ne, "Ga ni nan." Kika shigo da kayan kwalliya, takalmanki a hannu, kika durƙusa a ƙasa kika sami jijiya a ƙafarsa. Ba ki tashi daga gefen gadon ba sai da ya buɗe ido ya nemi ruwa. Daga baya nas take gaya mini bikin kammala karatun 'yarki kika baro, tun ba a kira sunanta ba.

Ba zan yi ƙarya ba, Likita, ina jin tsoro. An ce za a haɗa mu da wani likitan, kuma na san Allah ne mai rayawa. Amma jiya da yaron ya yi atishawa sai da na ɗauki waya kafin in tuna ba kya nan.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki kurakuranki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa kowane yaron da kika tsaya a kansa ya zame miki nauyi a mizani. Ina miƙa ta'aziyyata da ta mijina ga maigidanki da 'ya'yanki da ma'aikatan sashen yara. Allah Ya ba ku haƙurin rashi.

Ke kuma 'yar Likita, ban san ki ba, ba ki san ni ba. Ranar da kika duba cikin taro ba ki ga mahaifiyarki ba, tana durƙushe gaban ɗana ne. Ki yafe mana. Yana nan da ransa.