Ladanin da lokaci ya ɓace wa

Shekarun baya, mahaifina ne ladanin masallacin unguwarmu a Getso. Da tsufa ya zo sai mantuwa ta biyo baya: yau ya nemi hular da ke kansa, gobe ya kira ni da sunan ƙanensa da ya daɗe da rasuwa. Muka ce gigin tsufa ne kawai.

Ran nan da hantsi, mata na shanyar wake, sai ga kiran salla a lasifika. Baba ne. Wasu tsofaffi har sun ɗauki buta. Kunya ta rufe ni, na je na janyo shi gida ina ta nuna masa agogo, sai ka ce ɗan aji ɗaya nake koya wa. Ya dube ni ya ce, "Kai wane ne da za ka hana ni kiran salla?"

Na sa kwaɗo a ɗakin lasifika. Daga nan Baba ya rage cin abinci, ya daina hira, wuni yake a zaure yana kallon ƙasa.

Na kai shi asibiti a Gwarzo. Likita ta ce ciwon mantuwa ne, ƙwaƙwalwa ce ke rauni, ba taurin kai ba. Da ta ji labarin kwaɗon sai ta ce, "Malam, lokaci ne ya ɓace masa, kiran bai ɓace ba. Ɗan abin da ya rage masa kuma za ka ƙwace?"

Na samu liman da maganar, ya ce, "Ai shi ke nan, kiran sallar azahar nasa ne." Kullum rana ta yi sai in durƙusa in ce, "Malam ladan, lokaci ya yi." Ya miƙe ya gyara hula, mu tafi. Ko harafi bai taɓa kuskurewa ba, alhali a hanyar dawowa sai ya tambaye ni gidan wa za mu. Haka muka yi har ƙafafunsa suka gaza.

Abin da na koya shi ne, mai wannan ciwo ba a gardama da shi, raka shi ake yi. Har Allah Ya karɓi abinSa bai sake gane ni ba, kuma na daina jin zafin hakan tun ranar da ya riƙe hannuna a hanya ya ce, "Bawan Allah, ko ɗan wane ne kai, an yi maka tarbiyya."

Na ce, "Na gode, Baba. Zan gaya wa mahaifina."