Shaidar da Jibiya ta hana Yaya Tukur

Shekara biyar ke nan da rasuwar yayana, Malam Tukur, in lissafin wata za a bi. In kuwa kalandar bango za a duba, da sauran kusan wata biyu. Da yana nan, wannan kaɗai ya ishe shi hira har shayi ya huce, don mutum ne da ba ka tambayarsa ƙarfe nawa ka tsira da gajeriyar amsa. Malamin kimiyya ne a wata sakandare a Jibiya, ni kuma ƙanwarsa ce da aure ya kai Maraɗi. Har yau ni da matarsa Hadiza ba mu daidaita a kan ranar da ya mutu ba. A wurina ranar Sallah ce, a wurinta ranar ƙarshe ce ta azumi, kuma babu wadda ta yi ƙarya a cikinmu.

Wanda bai zauna bakin iyaka ba zai yi mamaki. Daga Jibiya zuwa ƙauyukan Nijar tafiyar babur ce, dangi ɗaya, harshe ɗaya. Amma in aka zo ganin wata, kowace ƙasa da masu sanarwarta. A shekarar nan an ce an ga wata a Nijar, ba a gani ba a Najeriya. Muka wayi gari da Sallah, su suna cika talatin. Da hantsi Yaya Tukur ya kira ni a waya yana dariya.

"Indo, kun sha ruwa kun bar mu ko? Wata guda, sama guda, amma sai duwan, kwastam ɗinku, ta buga mishi hatimi kahin ya ƙetaro iyakar Magama. Ki aje mini cinyar kazata. Da marece zan hita in gan shi da idona."

Wannan ce maganarmu ta ƙarshe.

Yaya Tukur yana da madubin hangen taurari, wani farin bututu mai ƙafa uku da ya saya wurin 'yan gwanjo a kasuwar Maraɗi. Saboda shi garin ya raɗa masa Mai-bututu. Duk ƙarshen wata, kafin faɗuwar rana, sai ya ɗaure shi a bayan babur ya hau wani tudu yamma da gari ya jira jinjirin wata. Tun ina yarinya yake cika mini kunne da tambayoyin da ba su da ƙarshe. Ya ce hasken tauraro yakan yi shekaru a hanya kafin ya iso idonka, saboda haka duk wanda ya ɗaga kai sama, jiya yake kallo, ba yau ba. Ya ce ko rana da muke gani, ranar ɗazu ce. Nakan ce masa ni dai tuwon da ke gabana na yanzu ne, ya bar ni in ci.

A teburin mai shayi sun fi son su ja shi a kan halittun wata duniyar. Bai taɓa cewa akwai su ba, bai kuma ce babu ba. Cewa yake Ubangijin da ya shimfiɗa fili mai wannan faɗi, mu su wa da za mu rantse mu kaɗai ya zuba a ciki? Sai a tambaye shi, "Malam, yaushe mutanen naka na sama za su sauko?" Shi kuma ya ce ko sun sauko a shinge za a tsayar da su a nemi katin shaida. A yi dariya, a watse. Haka aka yi shekaru ana kiransa mai magana da mutanen sama, kuma babu wanda ya ɗauki maganar da wata manufa.

Abu ɗaya ne ya yi imani da shi game da ɗan Adam: cewa mutum yana tsoron abin da bai sani ba ne kawai, kuma maganin tsoro shi ne a ce masa zo ka duba. Shi ya sa bai taɓa hana kowa leƙa bututun nan ba. Ɗalibansa sun leƙa, direbobin tasha sun leƙa, har wani jami'in kwastam Kirista yakan kawo 'ya'yansa su ga ramukan da ke jikin wata. A nan ne nake ganin yayana, duk da iliminsa, ya yi wa mutane kyakkyawan zaton da ba su kai ba.

Sai zamani ya juya. 'Yan bindiga suka matsa wa ƙauyukan Riko da Daddara, ana kwana ana tashi da labarin sata da kisa. Wata kalma ta shigo gari, infoma, wato mai kai wa mutanen daji rahoto. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, wannan na sani, kuma ba na raina tsoron da aka shiga. Amma a cikin tsoron nan ne tsohuwar zolaya ta canza riga. Mai magana da mutanen sama ya koma mai magana da mutanen daji. Aka ce me mutum yake yi a bayan gari da magariba, da ƙarfe yana nuna yamma, in ba alama yake ba su ba? Aka ce akwai na'ura a ciki. Hadiza ta roƙe shi ya daina fita. Ya ce mata rabin samarin da ke sintirin tsaron gari ɗalibansa ne, sun san abin da ke cikin bututun.

A kan tudun nan wasu daga cikin samarin suka same shi, rana ba ta ƙarasa faɗuwa ba, dabino da ruwan buɗa-bakinsa na cikin leda a jikin babur. Ba zan faɗi abin da suka yi masa ba, 'yarsa tana karatun jarida. Da suka gama sai suka fasa bututun don su fito da na'urar, suka tarar da madubi da 'yan gilasai. A daidai lokacin ina tsakar gidana a Maraɗi da sabon lalle, ina raba wa maƙwabta tuwon Sallah. Tun daga shekarar ban ƙara iya cinsa ba.

An rufe iyaka a lokacin, sai da na biyo hanyar daji a kan babur, na iso an riga an rufe shi. Mutuwa dai kowa zai ɗanɗana. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne abin da Kawu Manu, ƙanin mahaifiyarmu, ya faɗa mini game da jana'izar. A garinmu in an ajiye gawa, mutane sukan yi mata shaida, wannan ya ce mutumin kirki ne, wancan ya ce bai taɓa cutar kowa ba, don an ce shaidar duniya ita ce ta lahira. Ranar Sallarsu ce, gari cike da mutane da sababbin kaya, amma sahu bai cika biyu ba.

"Ɗiyata," in ji Kawu, "liman ya jira, ya sake jira. Kowa ya duƙar da kai. Mutumin da ya koyar da ɗiyan garin ga, ba a samu bakin da ya buɗe ba, sai ni, ni kuwa an ce nawa ne."

Nakan tambayi kaina me Yaya Tukur zai ce da ya ga yau. Yanzu kowane yaro yana da waya da ke nuna masa inda wata zai tsaya. Waɗanda suka yi masa dariya su ne ke tura wa juna hotunan wasu fitilu a sama suna gardamar ko baƙi ne daga wata duniya. Na san da ya ji daɗin wannan, da ya ja kujera ya zauna cikinsu. Amma akwai abin da ban san yadda zan bayyana masa ba. An zauna sulhu da mutanen daji, an shimfiɗa musu tabarma, an yi musabaha, suna shigowa kasuwa. Ba na adawa da zaman lafiya, ni ma ina da 'yan'uwa a ƙauyukan nan. Sai dai wanda ya riƙe bindiga ya samu tabarma, wanda ya riƙe madubi bai samu ko kalma ɗaya ba.

'Yarsa Zara ta gama sakandare bana. Tana da kan ubanta, amma ba ta ɗaga ido sama in da mutane a wurin. Har yanzu in faɗa ya haɗa ta da wata a bakin famfo, 'yar infoma ake ce mata. Bara wani daga cikin samarin nan, yanzu magidanci ne, ya zo zauren gidan ya durƙusa wa Hadiza yana kuka, ya ce ya san Malam ba shi da laifi, shi ma ya taɓa leƙa bututun yana aji uku. Ta ce ta ji, amma ya je ya faɗi haka a masallacin unguwa bayan sallah. Bai sake dawowa ba. Da Kawu ya kai maganar wurin dattawan unguwa, cewa suka yi a bar kaza cikin gashinta. Gashin nan kuwa a kan Zara yake, ita ke yawo da shi.

Me ya rage na Yaya Tukur? Ƙafafun bututun suna nan, Hadiza tana shanya a kansu. Ɗalibansa suna nan, wasu likitoci, wasu malamai. Ba diyya muke nema ba, ba mu ce a kama kowa ba, hisabi yana wurin Allah. Shaidar nan da aka riƙe ranar jana'iza ita muke so a sako, mutum ɗaya da ba jininmu ba ya miƙe a gaban jama'a ya ce Malam Tukur wata ya je gani.

Ya sha gaya mini cewa haske komai daɗewarsa a hanya yana isowa, nisa ne kawai ke jinkirta shi. Na yarda da shi a kan taurari, Allah ya jiƙansa. Amma ku mutanen unguwarmu, daga ƙofofinku zuwa masallaci babu nisa, kuma shekara biyar ke nan Zara tana jira.