Hannun da Hajja Ba Ta Buɗe Ba

Ni ba malami ba ne. Karatuna bai wuce aji shida ba, kuma rabin rayuwata a tuƙin tasi na yi shi, a Makka, tsakanin unguwannin Shisha da Rusaifa. Abin da zan rubuta laifina ne, don haka ba zan yi masa kwalliya ba.

A unguwar Utaibiyya, nan cikin Makka, aka haife ni. Da an sallame Magariba, kakata da muke kira Hajja takan hau saman soro da kaskon gawayi da butar shayi, mu jikoki mu kewaye ta har a kira Isha. Tana da tatsuniyoyi da yawa, amma labarin Hanim muka fi roƙo.

"Wannan ba ƙanzon kurege ba ne, da idona na gani," in ji ta. "Kai maigida, fifita mini wutar nan. Wane irin miji ne wannan, sai sha ba aiki?"

Ni ne maigidan. Tun da na yi wayo ban ji ta kira ni da sunana ba.

Iyayenta sun taso daga Kano da ƙafa za su Hajji, suka yi shekaru a Sudan. Daga can wasu Misirawa suka tafi da ita Alƙahira aikin gida, har ta faɗa hannun wata mata da ake ce wa Hanim, wato uwargida. Hanim 'yar fim ce a zamanin da fim ba ya magana. Ta fara da fitowa a finafinan wasu, daga baya ta sayar da warwaronta ta sayi na'urar ɗaukar hoto. Ita ke tsara labari, ita ke ba da umarni, ita ke fitowa.

"Mace ɗaya tilo, wallahi, tana daka wa gardawa masu gashin baki tsawa suna rawar jiki!"

In Hajja ta zo nan sai ta rufe baki ta miƙe, ta yi mana fim ɗin Hanim da jikinta, inuwarta na rawa a bango. Labarin wata mata ne da ɗan'uwanta ya ci amanarta, a ƙarshe ya zo ya durƙusa. Sai ta dunƙule hannu a ƙirji, ta daɗe a haka, sannan ta buɗe shi a hankali ta hure tafin. Hajja ta ce Hanim ta sa an maimaita wurin nan yini guda, tana cewa kowa na iya furta "na yafe", hannu ne ba ya ƙarya. Wannan ya zama al'adar gidanmu. In yara sun yi faɗa, ba a tashi sai wanda aka cuta ya buɗe hannu ya hure.

Sai fim mai magana ya zo. Muryar Hanim a shaƙe take, ranar da aka fara jin ta 'yan kallo suka fashe da dariya. Ba wanda ya sake nemanta. Bayan haka gobara ta cinye ɗakin da take ajiye finafinanta. Da Hajja za ta bi iyayenta Makka, Hanim ta ba ta ɗan yankin fim da ya tsira, tsawonsa bai wuce taƙi ɗaya ba. A cikin wani gwangwanin alewa take ajiye shi, ta cusa cikin likkafaninta da ta wanke da zamzam. In ta ɗaga shi saitin fitila, sai mu ga Hanim a gaba, a bayanta wata siririyar yarinya ɗauke da tulu.

"Ka ga matarka tana budurwa? Da ka zo a lokacin ko kallo ba ka ishe ni ba."

Ina da shekara goma sha tara na zauna da wasu samari na 'yan watanni, na haddace abin da bai kai cikin cokali ba, na ɗauka na fi kowa a gidan tsoron Allah. Wata rana ɗayansu ya ce mini, "Ashe kakarka 'yar silima ce?" Aka yi dariya. Gaskiyar ita ce dariyar nan ce ta kai ni saman soro, ba kishin addini ba. Na tarar tana nuna wa ƙannena yankin. Na fizge, na ce hoto a cikin likkafani, ba ta jin tsoron kabari? Na jefa shi cikin kasko. Ashe irin wannan fim ɗin kamar fetur yake. Wuta ta yi sama sau ɗaya, ko toka bai bari ba.

Ba ta yi faɗa ba. Ta dubi kaskon, ta ce, "Bukari, shayinka zai huce."

Daga ranar na zama Bukari. Labarin Hanim kuma bai sake fitowa daga bakinta ba.

Shekara goma sha ɗaya ta yi bayan haka. Na kai ta Harami a motata, na sayo mata nama da magani, na yi komai ban da abin da ya kamata. Kullum sai in ce gobe. Sai shanyewar ɓarin jiki ta kama ta, ta ɗauke mata magana da hannun dama. Na durƙusa a gaban gadonta na ce, "Hajja, ki yafe mini abin da na ƙona." Ta dube ni, hannunta na hagu a dunƙule a ƙirji. Na jira tun La'asar har aka kira Magariba. Bai buɗe ba. Mahaifiyata ta ce ciwo ne ya sandarar da shi. Amma da safiyar ranar na ga ta riƙe kofin ruwa da hannun nan. Bayan kwana biyu ta rasu. Da aka warware likkafanin, gwangwanin yana ciki, ba komai a cikinsa.

Kwanan baya na ba jikata Ruƙayya labarin, rabi da Larabci don Hausarta ba ta da ƙarfi. Ta ɗauki waya, ta kira ni kaka da Larabci, ta ce, "Ya jaddi, mene ne sunan Hanim na gaskiya? Yanzu zan nemo ta." Ban sani ba. Ban taɓa tambaya ba, kuma duk wanda zai sani yana ƙasa. Mace ta yi aikin rayuwarta wuta ta cinye, ɗan abin da ya saura ni na ƙarasa shi.

Na yi wa Hajja umara ban san adadi ba. Malamai sun ce haƙƙin bawa sai bawa ya yafe, ni kuma a gidan da na tashi an koya mini yadda ake gane an yafe. Ina yaro na ɗauka buɗe hannun ne darasin. Ban lura da cewa ɗan'uwan da ke cikin fim ɗin ya durƙusa da wuri ba, tun hannun yana iya buɗewa.

Gwangwanin yana cikin motata. Wani lokaci a jiran danja nakan buɗe shi, sannan in rufe.