Allurar da Take Kai Ni Gida

A shekarun yaƙin basasa ni ƙaramar matar aure ce a unguwar Sabo ta Ibadan, ina sayar da fura daga cikin gida, maigidana yana fataucin goro. Haihuwata ta fari ta zo da gardama, aka kai ni asibiti, aka yi min aiki aka ciro ɗa namiji. Innata tana Kano, tafiya ta yi wuya, ba mai zuwa ta yi min wankan jego.

Da na farfaɗo, ɗinkin kamar an ɗora min garwashi. Wata nas Bayarabiya, dattijuwa, ta yi min allurar kashe zafi. Wallahi ban taɓa jin daɗi irin wannan ba. Gadon ya riƙa lilo da ni a hankali, farin labulen ya koma hayaƙin murhu, sai ga ni a tsakar gidanmu, Inna tana tafasa ruwan jego da ganyen darbejiya, tana kirana da sunan da ita kaɗai take kirana. Har ƙamshin nake ji.

Yarabancina na kasuwa ne, amma na san "dun" suke ce wa ciwo, haka kuma suke ce wa daɗi. Da wannan kalma na ci amanar kaina. Bayan kwana biyu zafin ya lafa, amma duk nas ɗin da ta gifta sai in dafe ciki in ce dun don a ƙara min allurar, ina lallashin zuciyata cewa ai ban yi ƙarya ba. Ni da ake yaba wa dauriya a unguwa! Kewa ce take cina, na rasa bakin faɗa.

Ran kwana na biyar dattijuwar nan ta zauna a bakin gadona riƙe da jaririn. Da guntuwar Hausarta ta ce yaron ba ya kama nono, barci kawai yake yana ramewa, don abin da ake ɗura min yana bi ta nonona. Ta ce daga yau ƙwaya ce mai sauƙi, kuma in tashi in riƙa takawa. Na harare ta, na juya mata baya. Sai ta tambaye ni wa yaron ya ɗebo a kama. Ban san fuskar ɗana ba.

Na sha wuya kwana biyu, ga gumi ga kuka, amma yaron ya kama nono, ya rayu, yau har da furfurarsa. Ban ga laifin allurar ba, ta taimake ni lokacin da nake bukatarta. Sai dai 'yan'uwana mata, ku faɗa wa masu jinya gaskiyar zafinku, in sun rage magani kada ku yi musu wayo, in kuma kewa ce ku ce kewa ce. Ranar da na karɓi yaron na dube shi da kyau, goshin Inna ne, hancinta ne sak. Kwana biyar tana kwance a gefena, ni ina can ina nemanta a Kano.