Ranar da Aka Auna Falon Mai Kunne

Mijina Mai Kunne ake ce masa, kuma ba ni na raɗa masa ba. Da an yi shawara da ni, da wani sunan na ba shi.

A shagon gyaran rediyo ya girma, daga nan ya koma ɗaura lasifika a ɗakunan taro, ya yi shekara talatin da biyu a kai. Idan ya shiga ɗakin taro sai ya tsaya a tsakiya, ya tafa hannu sau ɗaya, ya karkatar da kai, ya ce a matsar da waccan lasifikar taku biyu. Da an matsar sai amsa-kuwwa ta ɗauke, magana ta fito tas. Wannan gaskiya ce, ba zan tauye shi ba. Yana da wata tsayuwa da kowa ya san shi da ita: kafaɗar hagu jingine da babbar lasifika, hannun dama a kan maɓallai, tun daga buɗe taro har a watse. Wai a ƙashi ake jin sauti.

Da gwiwoyinsa suka gaji ya ajiye aikin, sai ya kwaso sana'ar gaba ɗaya ya zube mini ita a falo. Lasifika bakwai ya kafa, uku a gaba, biyu a gefe, biyu a baya, ga wata ƙatuwa a ƙasa da ba ta san komai ba sai gurnani. Kabad ɗina na gilashi shi aka fara kora, wai tangaran ɗina suna rawa idan kiɗa ya yi ƙasa. Keken ɗinkina ya bi baya, aka tura ni lungun hanyar kicin inda sai na kunna fitila da rana tsaka. Labulena masu haske ya cire, ya rataya wasu masu kauri kamar bargo. Duk maɓallin da ya saita, sai ya ɗauki jan farcena ya ɗiga masa alama, don ya gane idan wani ya taɓa. Yaranmu uku a kan yatsun ƙafa suka girma a falon ubansu.

Kujerarsa tana tsakiya daidai, da tef ya auna wurinta. Tawa tana hagunsa, ƙarƙashin lasifikar bango. Ban taɓa zama rabin awa a kanta ban tashi da ciwon kai ba. Na ce masa ɓangaren nan ya yi ƙara da yawa, ya dube ni sama da ƙasa ya ce kunnen tela ne da ni, keke ya gama da shi. Idan na yi masa magana daga nan kuwa, sai ya yi kunnen uwar shegu, idonsa a kan talabijin. In na sake da ƙarfi ya ce ina masa tsawa, in na yi a hankali ya ce ƙunƙuni nake. Ni dai na ɗauka raini ne, na haɗiye.

Abu ɗaya ne ban haɗiye ba. Shekara shida da suka wuce likita ya sa wa mahaifiyata ranar aiki. A kan kujerar nan na faɗa masa cewa ranar Alhamis za a yi wa Inna aiki, ƙarfe tara, kuma ta ce tana son ganinsa kafin a shiga da ita, don ta ɗauke shi kamar ɗan da ta haifa. Har kai ya gyaɗa, ashe kiɗa yake gyaɗa wa. Na tafi jinya tun Laraba. Alhamis ta zo, Inna tana ta kallon ƙofa, shi kuma yana kasuwa yana neman wata waya. Inna ba ta farfaɗo daga aikin ba. Da babban wana, Yaya Babba, ya tsare shi a wurin zaman makoki, sai mutumin nan ya shafa wa idonsa toka, ya rantse a gaban 'yan'uwana cewa ban taɓa faɗa masa ba. Ya ce shi da yake jin faɗuwar allura a ɗakin mutum dubu, ta yaya magana irin wannan za ta wuce shi? Aka yarda da shi, Mai Kunne ne ai. Ni na zama maƙaryaciyar da ta hana uwarta ganin surukinta, kuma har yau gaisuwa ce kawai tsakanina da Yaya.

A watan jiya ne mijin babbar 'yarmu ya zo da wani ɗan akwati baƙi, da kwamfutarsa, da makirfo siriri kamar fensir. Mutum ne mai sanyin hali, aikin na'urori yake yi, kuma idan yana gaban surukinsa kansa a ƙasa yake. Ya yi bayani a ladabce cewa kowane ɗaki yana ɓata sauti, bango yana mayar da wani, kusurwa tana kumbura wani. Akwatin nan zai saurari kowace lasifika daga inda mai gida yake zama, ya lissafa abin da ɗakin ya ƙara da abin da ya rage, ya daidaita su. Mai Kunne ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce a bar shi ya auna, yana so ya ga yadda na'ura take jin kunya idan ta rasa abin gyarawa.

Ranar Asabar da hantsi aka yi. Aka kafa makirfon a kan sanda mai ƙafa uku, a kan kujerarsa, daidai tsayin kunnensa. Aka kashe fanka, aka cire firji daga wuta, agogon bango ma aka kai shi kicin. Ni da nake da ɗinkin mutane a hannu aka ce in ɗage ƙafa daga keke. Muka jeru a bakin ƙofa mu huɗu, har da 'yarmu da ta rako mijinta, muna zufa, an hana kowa tari.

Kowace lasifika ta riƙa yin wani kuka ita kaɗai, ya fara daga gurnani ya yi ta hawa har ya zama siririn fito mai sa haƙori tsami. Na dama suka yi nasu lafiya. Da aka zo ta bangon hagu, fiton yana tsakiyar huda mana kai, sai Mai Kunne ya buɗe baki ya ce ga shi nan, tun ba a je ko'ina ba ta tsaya. 'Yarmu ta dube ni, na dubi bango. Maganarsa ta ɓata awon, dole aka sake daga farko.

Da layuka suka fito a fuskar kwamfuta, surukin namu ya fara da yabo. Ya ce nisan lasifikun gaba daidai yake kamar da ma'auni aka dasa su, gurnanin kusurwa ne kawai ya ɗan yi yawa, kuma wannan laifin gini ne. Mai Kunne ya harɗe hannu yana murmushi, ya ko waiwayo ya kalle ni don in shaida. Sai surukin ya matso da fuskarsa kusa da kwamfutar, ya yi ta shafa ƙeya. Da kyar ya ce lasifiku ukun nan na hagu sun ɗara na dama da maki tara, wato ƙararsu ta kusa ninka ta 'yan'uwansu. Ya yi saurin cewa wataƙila bango ne, ko makirfon ne ya karkace, bari ya duba maɓallan amfilifaya, na'urar da ke ba lasifikun ƙarfi.

Ni na riƙe masa tocila, don haka da idona na gani. Maɓallan dama kowanne ɗigon jan farce ɗaya ne a jikinsa, ya tsufa har ya yi duhu. Na hagu kuwa ɗigo ne a jere suna hawa kamar matakala. Na ƙirga goma sha ɗaya a kan guda ɗaya. Na ƙasa jan da nake sawa ne tun 'yar autarmu tana firamare, na sama wanda na saya bara.

Surukin ya sauke makirfon daga kan kujera. Ya haɗa akwatin, ya danna abin da zai danna, ya sa faifan da Mai Kunne ya fi so. Na zauna a kujerata, kuma karo na farko a gidan nan na ji muryar mai waƙa ta tsaya a tsakiyar ɗaki, kowane kayan kiɗa a wurinsa, babu abin da yake sara mini kai. Ashe haka abin yake da daɗi. Mai Kunne ya zauna a tasa, bai yi minti ɗaya ba ya haɗe rai.

"Ka kashe mini hagu," ya ce. "Ba abin da ke fita ta nan."

'Yarmu tana tsaye a kafaɗarsa ta hagu. Ta ce, "Baba, tana yi fa. Wallahi tana yi."

Ko motsi bai yi ba. Ta sake faɗa, bai juyo ba. Mijinta da ke durƙushe ta dama ya ɗan yi gyaran murya kawai, nan take Mai Kunne ya juya ya galla masa harara ya ce in yana da magana ya fito da ita. 'Yarmu ta sa gefen mayafi ta rufe baki, hawaye suka zubo mata.

Ni ban yi kuka ba. Na san za a ce ciwo ba laifi ba ne, kuma haka ne, mutumin da ya jingina kunne ɗaya da ƙatuwar lasifika shekara talatin da biyu dole ya biya. Da bai sani ba, da ni ce ta farko wajen tausaya masa. Amma ɗigo goma sha ɗaya ba a cikin barci ya yi su ba. Sau goma sha ɗaya ya ji ɓangaren nan ya yi masa nisa, ya tashi ya murɗa, ya ɗauki jan farcena ya yi alama. Ranar da ya rantse a gaban 'yan'uwana ya riga ya yi biyar ko shida. Ya zaɓi a ce matarsa maƙaryaciya ce da a ce Mai Kunne ba ya ji.

Ya miƙe ya fizge wayoyin akwatin, ya ce kayan yara ne, na'urar da ba ta taɓa shiga ɗakin taro ba ita za ta koya masa sauti? Ya ce su kwashe tarkacensu. Surukin ya yi ta ba da haƙuri kamar shi ya yi laifi, suka tafi ko abinci ba su tsaya ci ba. Na mayar da firji a wuta, na ɗauko agogo na rataye, na koma kan kekena.

Kwana uku ba a kunna komai a falon ba. Yana zama a kujerarsa da rimot a hannu, talabijin a kashe. Sau ɗaya na leƙo daga lungu na gan shi ya toshe kunnen dama da yatsa, yana murza yatsu biyu kusa da na hagu. Na ci gaba da ɗinkina.

Safiya ta huɗu na fito da shayinsa na tarar kujerata ba ta wurinta. An ja ta an zagaya da ita damansa, sawun ƙafafunta huɗu na nan a kan kafet inda ta shekara goma sha biyar. Bai dube ni ba, ya dai ɗora hannu a kan hannun kujerar ya ɗan bubbuga. A wurinsa ya gama ba da haƙuri ke nan.

Na ajiye shayin, na zauna. Ya karkato da kai yana jira. Ban ɗaga murya ba, ban kuma rage ta ba, da irin muryar da na yi amfani da ita a wancan karon na yi magana.

"Ranar Alhamis za a yi wa Inna aiki, ƙarfe tara. Ta ce tana son ganinka kafin a shiga da ita."

Wannan karon ya ji. Na ga rimot ya zame daga hannunsa ya faɗi a kan kafet. Na ciro wayata, na nemo lambar Yaya Babba, na ajiye masa ita kusa da kofin shayi, ta ɓangaren dama. Sannan na tashi na koma lunguna, ina da riga biyu da za a zo karɓa kafin azahar.