Ƙwayar Kaka a Ranar Kai Akwati

Ko da zan tsufa har in manta sunana, ranar da muka kai akwatin auren yayana garin Gueskérou ba za ta fita daga raina ba.

A shekarar nan ƙafafun kakarmu sun kumbura har takalmi ya daina shiga. Lokotoro a Diffa ya ce tansiyon ne, wato hawan jini, ya rubuta mata wata 'yar farar ƙwaya da za ta riƙa sha da safe. Ba a jima ba kumburin ya saɓe, ta koma zagaya shanyar tattasanta kamar budurwa. Kaka kuwa mace ce da ba ta iya cin daɗi ita kaɗai, ko goro ɗaya ta samu sai ta ɓara shi ga duk wanda ke zaune. To da safen tafiya, da gwaggonnina suka fara kukan gwiwa da nauyin jiki, sai ta kwance bakin zanenta ta bi su da ƙwaya ɗai-ɗai, ta ce wannan ce mai sa jiki ya yi sakayau. Ni ina can gaban mota ina kallon kogin Komadugu yana walƙiya tsakanin gonaki, ina tunanin yadda soyayya ke ƙetare ruwa. Ban san wani ruwan ake tara mana a baya ba.

Surukai suka tarbe mu da tabarmi da turaren wuta da manyan kwanukan kunun tsamiya. Baƙo ba ya ƙin ruwan gidan suruki, sai kowa ta sha ta ƙara. Ana tsakiyar ɗaga atamfofi ana guɗa, na ga babbar gwaggo ta daina magana, tana kaɗa ƙafa, gumi na tsatso mata. A wurinmu, mace ta tambayi makewayi a gidan surukai ranar farko abin kunya ne babba. Ta daure har ta gaji, ta raɗa wa ta kusa da ita, suka fice tare. Suna dawowa wasu biyu suka miƙe. Kafin a kai ga nuna takalman amarya, ɗakin ya zama tasha, ana fita da raɗa ana dawowa da sunkuyar da kai.

Uwar amarya tana kallo, fuskarta na sauyawa. Can ta rufe akwatin da hannunta, ta dubi kaka ta ce, "Iya, in wani aibu kuka gani ga 'yata, ku faɗa a gabana. Fita ku yi shawara a bayan gida ba mutunci ba ne. Ga kayanku nan."

Na tuna yayana da ya yi damina da rani yana noma don wannan rana, idona ya cika. Babbar gwaggo ta ga aure zai mutu saboda kunya, sai ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce, "'Yarku ba ta da laifi, Hajiya. Fitsari ne."

Dariyar da aka yi har yau ina jinta. Aka aika aka kira majo, wato babban malamin asibitin garin, domin ƙaramar gwaggo ta fara ganin jiri. Ya auna ta, ya sa ta kwanta, sannan ya karɓi kwalin ƙwayar daga wurin kaka ya duba. Ya ce aikin ƙwayar shi ne ta sa ƙoda ta fitar da ruwa da gishirin da suka yi yawa a jiki, shi ya sa ƙafar kaka ta saɓe; mai lafiya kuwa ruwan da take bukata ne zai zube. Ya ce kafin hukuma ta yarda a sayar da magani, sai an yi shekaru ana gwada shi, a kan mutane kaɗan sannan masu yawa, a auna amfaninsa da illarsa, a ce ga cutar da zai yi wa, ga adadin da za a sha. "Ban taɓa jin an gwada shi a kan 'yan kai akwati ba, Iya, sai yau."

Aka sake buɗe akwati, aka sa ranar aure. Da za mu shiga mota na ji uwar amarya na tambayar kaka a hankali ko da saura guda, ita ma ƙafarta na nauyi. Kaka ta ƙara ɗaure bakin zanenta ta ce ta je wurin majo.

Tun ranar na gane magani kamar ɗinkakkiyar riga ce, jikin mutum ɗaya aka auna. Kyauta halin kirki ce, amma akwai abin da ƙauna ke sa ka hana.