Layin da Na Tsallake a Wasiƙar Goggo

Watan jiya muka binne taubashina, ɗan goggona. Likita ne, shekara arba'in yana duba mutane. Da aka ce in yi magana a bakin kabari, na ce mutumin kirki ne, na zauna. Abin da ya kamata in faɗa shi ne nake rubutawa yanzu.

Tare muka gama sakandare, tare muka hau mota daga ƙauyenmu na kusa da Samaru Kataf zuwa Kafanchan, a can muka rubuta jarrabawar shiga makarantar likita ta Zariya. Benci ɗaya ne tsakaninmu. A hanyar dawowa ya ce, "Bawana, in na zama likita kai za ka riƙa riƙe mini jaka." Na ce ya fara koyon wanke ƙafarsa tukuna.

A lokacin, a ƙauyenmu ba mai akwatin gidan waya sai majami'a. Ranar Lahadi bayan sujada Fasto yakan tsaya da wasiƙu a hannu yana kiran suna, kowa yana kallo. Ya kira mu a jere. Ambulan ɗinsa mai kauri ne, nawa kamar ba komai a ciki. Tun ban buɗe ba na sani.

Ya tafi Zariya, ni kuma na kama koyarwa a firamaren ƙauye ina jiran shekara ta zagayo in sake. In an tashi yara, sai in zauna a aji da littafin Fiziks har rana ta yi sanyi. Fiziks ne ya kayar da ni. Da ya zo hutun Kirsimeti, wata uku kacal da tafiyarsa, mutane suka fara ce masa Likita. Mahaifiyata ma ta kai masa gwiwarta mai kumburi ya duba. Ina tsaye a bakin ƙofa ina kallo, ya danna da yatsa kamar ya san abin da yake yi.

Goggo ba ta karatu. Duk wasiƙar da ya aiko, ni take kawo wa. Takan same ni a tsakar gida, ta zauna tana tsaga citta, ta ce, "Ticha, karanta mini, a hankali, kada ka yi gudun nan naku." Shafin farko nata ne, da Hausa. Na biyu nawa ne, tambayoyin Fiziks da ya kwafo mini da hannunsa, da yadda ake warware su.

"Kai me ya ce maka?"

"Gaisuwa ce, Goggo."

"Gaisuwa har shafi guda? Lallai ku ba ku da aikin yi."

Tambayoyin nan na yi su duka, wasu sau uku. Ban taɓa rubuta masa na gode ba. In na zauna rubuta amsar Goggo, nakan sa abin da ta ce kawai, kaji lafiya, akuya ta haihu, ya riƙa zuwa sujada.

Wasiƙa ta huɗu ko ta biyar ce, gab da jarrabawata. Ina karantawa, idona ya riga bakina zuwa wani layi. Ya rubuta, "Mama, an yi mana gwaji na zo na ɗaya a ajinmu duka. Ki gaya wa zumuntar mata su taya ni godiya." Na san abin da zai biyo baya. Za ta ɗaura zanen zumunta, mata su buga tulu, a yi rawa daga ƙofar majami'a har gaban bagade, ni kuma ina zaune a benci na uku ina tafi.

Na tsallake layin. Na wuce inda yake tambayar ko an gyara rufin rumbu.

"Shi ke nan? Bai ce komai a kan karatun ba?"

"Ya ce yana ƙoƙari."

Ta ci gaba da tsaga cittarta. Ta bar mini wasiƙar kamar kullum, don ni ke ajiye su.

Na koma Kafanchan ni kaɗai, zaure ɗaya da na bara. Biyu daga cikin tambayoyinsa sun fito kusan yadda ya rubuto su, na kuma amsa su daidai. Sauran ne suka fi ƙarfina. Da Fasto ya kira sunana, ambulan ɗin ya sake zuwa ba kauri.

Da la'asar Goggo ta zo da kwanon tuwon acca. Ta zauna kusa da ni ta ce, "Ci, ɗana. Kada ka sa wa ranka. Shi ma wancan da ya tafi, ka taɓa jin ya yi wani abin kirki? Da ya yi ai da ya rubuto. Ƙoƙari yake ta yi kamar kowa. Duk ɗaya kuke."

Na cinye tuwon. Kuma gaskiya ita ce, maganar ta yi mini daɗi.

Kafin kakar citta ta gaba Goggo ta kwanta kwana shida ta rasu. Ban sake rubuta jarrabawar ba, na yi shekara talatin da biyar ina koyarwa.

Sau ɗaya ya taɓa maganar, mun riga mun yi furfura. Muna zaune a gidansa a Kachia, ya ce, "Bawana, ka san Mama ba ta taɓa ce mini sannu ba a kan na ɗayan nan da na zo? Na jira a wasiƙa, na jira da na zo hutu. Ita dai ba ta iya yabo ba."

Ya yi dariya, na taya shi.

Wasiƙar tana cikin akwatina. Jiya na kai ta bayan majami'a, inda shi da Goggo suke kwance kusa da juna, na karanta ta tun daga farko, a hankali, yadda take so.